Tantance Takalmin Jaki da na Alfadari a Cikin Kayan Tone-tone: Shaidar Ƙarfe da ta Harshe Daga Ƙasar Kontagora

1.0 Gabatarwa

Masana tone-tone, wato masu binciken tarihi ta hanyar haƙa kufai da tsofaffin juji, sukan ci karo da guntayen ƙarfe waɗanda tsatsa ta ci har ba a saurin gane amfaninsu. Daga ciki akwai lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙafa biyu, wanda a ƙasashen Turai akan ɗauke shi a matsayin takalmin da ake buga wa dabba a kofato. A can, tambayar da ke biyo baya ita ce: na doki ne, ko na jaki, ko na alfadari? Amsar tana da muhimmanci, domin doki dabbar sarauta ce da yaƙi, jaki da alfadari kuwa dabbobin fatauci ne da aikin talaka. Wanda ya kuskure wajen raba su ya kuskure wajen faɗin irin mutanen da suka zauna a wurin.

Wannan maƙala za ta bayyana hanyoyin da ake bi wajen wannan tantancewa, sa'an nan ta auna su da yanayin ƙasar Kontagora ta Jihar Neja, wadda tsohuwar hanyar fatake ta ratsa. Ra'ayin da za a kare shi ne cewa a ƙasar Hausa da maƙwabtanta akwai tambayar da ta riga waccan, wato ko ƙarfen da aka tono takalmin dabba ne ma tun farko. Wajen amsa ta, manazarcin harshe yana da gudummawar da ba ta gaza ta mai haƙa ba.

2.0 Yadda Ake Tantancewa a Turai

2.1 Sanin Zamani

Takalmin kofato da ake kafawa da ƙusa ya fara yawaita a Turai daga wajen ƙarni na 9 zuwa na 10. Aikin da aka fi dogara da shi wajen sanin zamaninsa shi ne littafin da John Clark ya shirya a 1995 a kan doki da kayansa, bisa abubuwan da aka tono a birnin Landan. Clark ya kasa takalman gida huɗu. Na farko siriri ne mai faɗi. Na biyu gefensa na waje yana da tudu da kwari, saboda ƙarfen ya kumbura a duk inda aka huda ramin ƙusa, kuma shi ne ya fi yawa a ƙarni na 12. Na uku ya fi nauyi da faɗi, gefensa sumul. Na huɗu, wanda ya mamaye daga ƙarni na 14, ramukan ƙusarsa masu kusurwa huɗu ne ba tare da gurbin kan ƙusa ba. Wannan rabe-rabe zamani yake nunawa. Sanin dabbar da ta sa takalmin sai an koma ga siffar kofato.

2.2 Siffar Kofato

Maƙeri yakan lanƙwasa takalmi ne daidai da kofaton da zai hau, don haka siffar ƙarfen hoton ƙafar dabbar ce. Kofaton doki na ƙafar gaba kusan da'ira ne, faɗinsa da tsawonsa sun yi kusa da juna. Na ƙafar baya ya ɗan fi tsini. Kofaton jaki matsattse ne, dogo, kuma ya fi na doki miƙewa tsaye. Gefunansa biyu sukan tafi a jere zuwa dunduniya ba tare da sun buɗe ba. Na alfadari ya ɗauko matsewar na jaki, amma ya fi shi girma. Daga nan ake samun alamomi kamar haka:

(1) Takalmin doki: faɗi da tsawo kusan ɗaya, ƙafafunsa sun buɗe a tsakiya sun rufo a ƙarshe.
(2) Takalmin jaki: ƙarami, tsawonsa ya fi faɗinsa sosai, ƙafafunsa a miƙe.
(3) Takalmin alfadari: siffar na jaki, girma kusa da na doki, a wasu ƙasashen kudancin Turai akan bar goshinsa ya zarce kofato a tanƙwara shi sama.
(4) Takalmin sa: gida biyu ne, kowane kamar jinjirin wata, domin kofaton sa a tsage yake.

2.3 Matsalar Girma

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar duk wani ƙaramin takalmi a matsayin na jaki. Wani bincike da masana na Jami'ar Exeter ta Ingila suka buga a 2021, bayan sun auna ƙasusuwan dawaki kusan 2,000 daga wurare 171, ya nuna cewa yawancin dawakin Ingila na wancan zamani ba su kai santimita 148 a kafaɗa ba. Ke nan ƙanƙanta kaɗai ba hujja ba ce. Haka kuma takalmin ƙafar baya na ƙaramin doki yana iya kama da na alfadari, tsatsa da nauyin ƙasa kuma sukan matse ƙarfe su sauya masa siffa. Saboda haka masana ba sa yanke hukunci sai sun haɗa rabon tsawo da faɗi da abin da ƙasusuwan wurin suka nuna.

3.0 Kontagora da Hanyar Fatake

Garin Kontagora bai kai shekarun kayan da Clark ya nazarta ba. Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, wanda aka naɗa Sarkin Sudan a 1859, shi ya kafa shi a 1864. Amma ƙasar da garin ya zauna a kai tsohuwa ce. Kambari da Dukawa da Kamuku da Gwari sun daɗe a cikinta, kuma ƙira ba baƙuwa ba ce a yankin. Tone-tonen ceto da aka yi a gaɓar Kwara kafin a cika tafkin Kainji a 1968, ciki har da wani tudu kusa da Yelwa ta ƙasar Yawuri, sun fito da tukwane da kayan ƙarfe waɗanda shekarunsu suka haura dubu.

Hanyar fatauci ma ta riga garin. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Abdullahi Burja, 1438 zuwa 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 a kan fataucin goro, ya bayyana yadda ayarin Hausawa kan tsallake Kwara su bi ta ƙasar Bargu zuwa Salaga, ƙarƙashin madugu da jagaba da uban dawaki. A 1826 Hugh Clapperton ya haɗu da irin wannan ayari a Kaiama yana dawowa daga Gwanja, ya ƙiyasta mutanensa sun haura 1,000, da dabbobin kaya kimanin haka, ya kuma ambaci takarkarai da alfadarai da jakuna. Shi kansa daga Busa ya bi ta Kulfo da ƙasar Kotonkoro zuwa Birnin Gwari da Zariya, wato ya ratsa ƙasar da daga baya ta zama ta Sarkin Sudan.

Babu shakka, ke nan, dubban jakuna da alfadarai sun taka wannan ƙasa shekara da shekaru. Mai haƙa wanda ya yi karatu da littattafan Turai zai sa ran samun takalmansu a kowane tsohon zango, domin a can takalmin kofato yana cikin ƙarafan da aka fi tsinta a bakin hanya da mashigin ruwa. To amma Robin Law, a littafinsa na 1980 a kan doki a tarihin Afirka ta Yamma, ya nuna cewa galibi ba a yi wa dawakin wannan yanki takalmi. Idan dokin sarki bai samu ba, da wuya jakin falke ya samu. Dalilan a fili suke. Asalin jaki dabbar busasshiyar ƙasa ce mai duwatsu, kofatonsa mai tauri ne muddin bai jiƙe ba, ayari kuwa da rani yake tafiya, a kan turɓaya da yashi. Abin da ya sa Turawa suka dogara da takalmi, wato danshi mai tausasa kofato da hanyoyin da aka shimfiɗe da dutse, babu shi a nan. Abin da ke kashe dabbar ayari a kudancin ƙasar Hausa shi ne sammore, wanda ƙudan tsando ke kawowa, takalmi kuwa ba ya maganinsa.

4.0 Shaidar Harshe

Sanannen abu ne cewa al'umma takan ƙirƙiri suna, ko ta aro, ga duk abin da take amfani da shi kullum. Idan aka dubi kayan doki a Hausa za a ga yalwa:

(5) sirdi, likkafa, linzami, ragama, kaimi, majayi, jalala, zubuka, lifidi.

Aƙalla uku daga cikinsu asalinsu Larabci ne:

(6) sirdi daga sarj
(7) likkafa daga ar-rikab
(8) linzami daga al-lijam

Joseph Greenberg, a maƙalarsa ta 1947 a kan kalmomin aro na Larabci a Hausa, ya bambanta tsohon rukuni na aro, wanda ya shigo ta bakin 'yan kasuwa da matafiya, da sabon rukuni wanda ya shigo ta hannun malamai da littattafai. Kalmomi irin su likkafa da linzami, waɗanda harafin l na farkonsu ragowar al ce ta Larabci, suna cikin tsohon rukuni. Wannan ya dace da abin da Tarihin Kano ya faɗa game da shigowar kayan yaƙin dawaki, inda ya danganta lifidi da kwalkwali da sulke da zamanin Sarki Kanajeji, 1390 zuwa 1410.

Larabci yana da kalmar na'al ta takalmi, har da na kofato, da kalmar baiɗar ta mai buga shi da yi wa dabba magani. Inda sana'ar ta je, kalmomin sun bi ta. Turkawa suna cewa nal, mai bugawa kuma nalbant. Mutanen Sifen sun ari ta biyu suka mai da ita albéitar. Hausar yau da kullum kuwa, wadda ta karɓi sirdi da likkafa da linzami, ba ta karɓi ko ɗaya daga cikin waɗannan biyu ba. Abin da Bahaushe ke cewa shi ne takalmin doki, wato suna ne na bayani da aka gina a kan takalmin mutum. Idan aka ce takalmin jaki kuwa, yawancin masu sauraro za su ɗauka ba'a ake yi.

Kayan jaki su ma suna da sunayensu:

(9) akumari, mangala, taiki, waga, dabaibayi.

Haka nan ire-irensa, irin su auraki da idabari da duna da fari. Abin lura a misali na (9) shi ne babu ƙarfe ko ɗaya a ciki. Duk fata ce da igiya da kaba da tsumma, waɗanda gara da damina kan cinye cikin 'yan shekaru. Wannan yana nufin jakin ayari yana iya wucewa ta wuri shekara ɗari bai bar wa mai haƙa ko ƙusa ba.

Sana'ar ƙira ma ta ba da irin wannan shaida. Philip Jaggar, a nazarinsa na maƙeran birnin Kano da aka buga a 1994, ya bayyana rabuwarsu zuwa maƙeran baƙi da maƙeran fari. Kayan da aka san maƙeri da su sun haɗa da fartanya da garma da lauje da gatari da wuƙa da mashi da linzami da likkafa da kaimi. Harshen bai keɓe wa mai buga takalmin dabba suna ba, alhali ya keɓe wa mai kula da bargar sarki, wato shamaki.

Ya kamata a yi hattara a nan. Rashin kalma shi kaɗai ba ya tabbatar da rashin abu, domin akwai tsofaffin abubuwa masu sunan bayani, kuma kalma takan mutu ta bar abin. Ƙarfin hujjar yana cikin haɗuwar shaidu uku a wuri guda: tsarin aro, da jerin kayan maƙera, da abin da masana tarihi suka samu a rubuce.

5.0 Abubuwan da Ake Iya Ɗauka Takalmi Ne

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne. A ce manomi a ƙasar Kontagora ya tono lanƙwasasshen ƙarfe mai ƙafa biyu a gonarsa, akwai aƙalla abubuwa biyar da ya kamata a kawar kafin a ambaci jaki.

Na farko, mari. Mari yakan ƙunshi lanƙwasassun ƙarafa biyu masu zagaye idon sawu, da sanda guda da ake zurawa ta cikin ƙofofin da ke bakinsu. Ɓari ɗaya na mari, idan ya rabu da sandarsa, girmansa da siffarsa sun yi kusa da na takalmin jaki. Bambancin shi ne ƙarfen mari mulmulalle ne, bakinsa biyu a naɗe suke kamar zobe, kuma babu ramin ƙusa a jikinsa. Wannan shi ne kuskuren da ya fi nauyi a wannan ƙasa, domin tarihin Kontagora na rabin ƙarshe na ƙarni na 19, musamman zamanin Sarkin Sudan Ibrahim wanda ya hau a 1880, yana ɗauke da hare-hare da kamun bayi a garuruwan Gwari da Kambari da Kamuku. Wanda ya rubuta mari a matsayin takalmin jaki ya mai da kufan da aka ɗaure mutane zangon fatake. Haka kuma wanda ya ga mari bai kamata ya yi saurin cewa bawa ba, tun da an sa wa fursuna da mahaukaci da kangararren yaro.

Na biyu, ƙyastu. Shi ma yakan zo da baki biyu a lanƙwashe, amma gefensa ɗaya zai nuna cin da ƙanƙara ta yi masa.

Na uku, guntun likkafa ko na linzami. Bakan likkafa yana da ƙofa a sama inda ake zura madauri. Linzamin ƙasar Hausa kuma yana da ƙawanya mai zagaye haɓar doki, wadda idan ta karye takan bar rabin da'ira.

Na huɗu, munduwa ko wani ƙarfen ado na hannu da ƙafa, wanda ba shi da fuska shimfiɗaɗɗa da za ta zauna a ƙarƙashin kofato.

Na biyar, ƙarfen dunduniyar takalmin mutum. Sojojin Ingila sun ci Kontagora a Janairun 1901, garin kuma ya zama hedkwatar lardi a farkon mulkin mallaka. Takalman hafsoshi da na sojojin baya suna da ɗan ƙarfe mai siffar kofato a dunduniya. Ko a Turai akan ɗauke shi takalmin jaki ne. Ana gane shi da ƙanƙantarsa, da ƙananan ramuka na ƙusar baduku, da kuma daidaiton ƙirar inji.

Idan duk waɗannan sun kau, ƙarfen kuma shimfiɗaɗɗe ne mai ramukan ƙusa a jere a gefe da gefe, goshinsa ya suɗe da taka ƙasa, to takalmin dabba ne. A nan ne za a ɗauko ma'aunin da aka bayyana a 2.2. Sai dai zato mafi ƙarfi shi ne na ƙarni na 20 ne, zamanin dawakin jami'an mulkin mallaka da na sukuwa da na wasan folo, wanda ya kafu a Katsina a shekarun 1920 a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Abin da zai rushe wannan zato shi ne a same shi a cikin shimfiɗar ƙasa da ba a taɓa birkita ba, tare da gawayi ko tukwane da za a iya auna shekarunsu. Irin wannan samu, in ya tabbata, babban labari ne, kuma sai a gwada shi da takalman Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, inda aka san takalmi mai kama da faifan ƙarfe da ƙofa a tsakiya, kafin a gwada shi da na Landan.

6.0 Inda Ya Kamata a Nemi Jaki da Alfadari

Tun da ƙarfe ba zai nuna su ba, sai a koma ga jikin dabbar. A turamen haƙoran ƙasa akwai wata lotsawa ta ɓangaren harshe, wadda a doki mai faɗi ce kamar gindin ƙwarya, a jaki kuwa mai tsini ce kamar bakin gwafa. Ƙashin ƙwaurin jaki ya fi na doki siranta idan aka gwada da tsawonsa, ƙashin cikin kofatonsa kuma matsattse ne. Alfadari shi ne mai wahala, domin ubansa jaki ne uwarsa goɗiya, ya ɗebo daga kowane ɓangare. Abin da ke raba gardama a kansa shi ne gwajin ƙwayoyin gado: doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari 63, wanda shi ne dalilin rashin haihuwarsa. Da irin wannan gwaji ne wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2022 ya nuna cewa an fara kiwon jaki ne a gabashin Afirka wajen shekara 5,000 kafin haihuwar Annabi Isa, daga can ya bazu.

Zane da mutum-mutumi ba su cika raba gardama ba. Mahayin tagulla da Thurstan Shaw ya tono a Igbo-Ukwu, na wajen ƙarni na 9 zuwa na 10, dabbar da ke ƙarƙashinsa ƙarama ce, har masana suka saɓa a kan ko doki ce ko jaki.

Shaida ta ƙarshe tana bakin mutane. Sunayen wurare masu ɗauke da zango da tunga da mashaya, da sunan da Kambari da Dukawa da Kamuku da Nufawa ke kiran jaki da alfadari da shi, za su nuna wa mai haƙa inda zai sa diga, su kuma nuna daga wace kusurwa dabbar ta shigo. Idan harshe ya aro sunan daga Hausa, alama ce ta cewa ta hannun fatake ya san dabbar.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ana gane takalmin jaki da na alfadari da matsewa da miƙewar ƙafafunsa, girma kuwa shi kaɗai ba ya isa. An kuma ga cewa wannan ma'auni na ƙasashen da ke da al'adar takalmin kofato ne, alhali tsarin aro na Hausa da kayan maƙera da rubutun masana tarihi duk sun nuna al'adar ba ta kafu a nan ba kafin ƙarni na 20. Don haka rashin takalmi a kufan ƙasar Kontagora ba ya nufin jaki bai wuce ba, samun abin da ya yi kama da shi kuma yana bukatar a fara kawar da mari da ƙyastu da ƙarfen dunduniya.

Aiki biyu ne ke gaban manazarta. Na farko, a tattara kalmomin jaki da alfadari da kayansu daga bakin tsofaffin fatake da maƙera a Hausar Kontagora da harsunan da ke kewaye da ita, tun da mota da babur sun karɓe aikin jaki, kalmomin kuma suna tafiya da masu su. Na biyu, sassan nazarin tone-tone, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, su tanadi ƙasusuwan jakunan gida da na alfadarai don gwaji. Cinikin fatar jaki ya rage yawansu har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su domin fata a Fabrairun 2024. Wanda kuma ya tsinci tsohon ƙarfe a gona ko kufai, abin da ya fi shi ne ya lura da wurin da zurfinsa, kada ya kankare tsatsar, ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta ɗora wa alhakin kula da irin waɗannan kaya.